Guduma a Kan Uwar Maƙera

Ranar Talata ce, sha biyu ga Afrilu, 1983. Tun asuba ake tsuga ruwa mai haɗe da ƙanƙara a garin Carrow, iska na kaɗowa daga tafki tana ratsa mutum har ɓargo. Lamont Haskins na tsaye a bakin tirela ta huɗu yana karɓar kayan da ake miƙo masa daga ƙofar baya ta zauren wasa: ƙwallaye cikin raga, akwatunan riguna, kofunan da aka naɗe cikin barguna, har da gadon da ake yi wa 'yan wasa tausa. Helma Gus ya ce musu kafin bakwai za su gama su sulale, gari bai farka ba. Ga shi tara ta gota, tirela biyu ko buɗe su ba a yi ba, kuma gidan rediyo ya riga ya fasa ƙwai: 'Yan Ƙarfe sun tashi. Ƙungiyar ƙwallon kwandon da ta shekara talatin da ɗaya a garin za ta koma Dorado, can cikin hamada, tafiyar kwana uku a mota.

Mutane sun cika bayan shingen waya, wasu da kayan aiki, wasu da kayan barci an ɗora kwat a sama. Zagi kuwa babu irin wanda ba a yi ba. An zagi mai ƙungiya, an zagi iyayensa, an zagi magajin gari da ya ƙi gina masa sabon zaure, sannan aka dawo kan 'yan dako tunda su ido ke gani. Wasu samari sun tara rigunan ƙungiya suna ta ƙyasta ashana, ruwa na kashewa. Wata mata ta cire takalminta ta wurgo, ya faɗi gaban Gus, can kuma ta koma roƙon a miƙo mata abinta.

Lamont ya ja hularsa har gira, ya ba shingen baya. Da ya juyo zai karɓi wani akwati sai ya hango shi.

Casimir Dudek ne, wanda duk layin Alder ke kira Baba Kaz, maƙwabcinsu da katanga ɗaya ta raba. Babu kwat a jikinsa, daga shi sai wata tsohuwar suwaita da silifas ɗin ɗaki, furfurarsa ta manne a ka. Layi goma sha ɗaya ne daga gidansa zuwa nan, kuma da ƙafa ya tako. Shi ba ya zagi, ba ya ihu. Ya zura yatsunsa cikin wayar, ya kafa wa ƙofar zauren ido.

Lamont ya san abin da yake jira.

Lokacin da aka kafa ƙungiyar, ma'aikatan kamfanin ƙarfe ne suka ba ta kyautar wata uwar maƙera, baƙa, wadda sai ƙarti huɗu ke ɗaga ta. Kafin kowane wasan gida ana turo ta tsakiyar fili, maƙeri ya fito ya doka mata guduma sau uku, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi, sannan a jefa ƙwallo. Baba Kaz aka zaɓa tun ranar farko, don a lokacin babu mai damtsensa a kamfanin. An rufe kamfanin, damtsen ya zube, numfashi ya fara yi masa gardama, amma bai taɓa fashi ba. Ko ranar da aka binne matarsa ya zo da baƙar kwat, ya doka uku, ya koma gida.

Gudumar kuwa tasa ce. Ubansa ya sauko da ita daga jirgin ruwa lokacin da ya baro Poland. Sau huɗu ana sake mata ƙota, kan dai shi ne na asali. Kuma akwai al'adar maƙeran kamfani da tsohon bai taɓa saki ba: in maƙeri ya tashi daga aiki yakan kwantar da gudumarsa a kan uwar maƙera, alamar zai dawo, kowa ya bar masa wurinsa. Wanda ya gama da aiki gaba ɗaya shi ke tafiya da tasa gida. Saboda haka duk ƙarshen kaka Baba Kaz kan shafe uwar maƙerar da mai, ya naɗe gudumar a jan ƙyalle, ya kwantar da ita a kai, sai wata kakar.

Lamont ya ji wannan labari ya fi sau ɗari, galibi da kunne ɗaya. Shi ba mai zama ba ne. Yana da shekara sha shida ya bar makaranta, daga nan ya taɓa wankin mota, ya taɓa gidan burodi, ya taɓa gadi, babu inda ya cika wata shida. Shi ya sa tsohon ke kiransa Farfesa don zolaya. Yanzu yana da ashirin da biyu, bai taɓa ƙetare iyakar Ohio ba, kuma babu abin da yake so a duniya kamar ya ga ƙarshen babbar hanyar nan da ta fita ta yamma da gari.

Ranar Juma'ar da ta wuce Gus ya tara su a bayan garejin kamfanin dako, ya gaya musu aikin Talata. Ya ce duk wanda ya yi suɓul da baka, ko wa matarsa ne, ya nemi wani aikin. Sannan ya zaɓi mutum shida da za su bi direbobi har Dorado su sauke kaya. Da ya kira sunan Haskins, sai da Lamont ya cije leɓe don kada a ga dariyarsa.

Ranar Asabar aka yi wasan ƙarshe. Shi ya kai Baba Kaz a tsohuwar motar uwarsa, kamar yadda ya saba. An lallasa 'Yan Ƙarfe, kamar yadda aka saba. Bayan an watse ya sami tsohon a sito yana goga wa uwar maƙera mai, yana tsayawa yana maida numfashi.

"Farfesa," in ji shi, bai ɗago ba, "kai da ba ka zama wuri ɗaya, kunnenka ya fi nawa yawo. Maganar tashin ƙungiyar nan da ake ta yi tun hunturu, akwai ƙanshin gaskiya a ciki? In ɗauki abata ko in bar ta?"

Lamont ya yi lissafi a ransa. In ya faɗa, kafin a tashi daga coci gobe duk gari ya ji, aiki ya tafi, hanya ta tafi. Ya ce wa ransa ai ranar Talata shi ne a wurin, zai zare gudumar a ɓoye ya kawo, babu wanda zai sani.

"Haba Baba Kaz, kai ma ka biye wa 'yan gidan giya? Ba ka ji mai ƙungiyar a rediyo ba, har da rantsuwa da kabarin ubansa? Kuma tsakani da Allah, wa zai karɓi waɗannan guragun ko kyauta aka ba shi?"

Tsohon ya yi dariya har ta koma tari. Ya ce wannan ita ce magana mai ma'ana ta farko da Farfesa ya yi tun da aka yaye shi. Ya naɗe gudumar, ya kwantar da ita, ya ɗan bubbuga ta da tafin hannu kamar mai lallashin jariri.

Ita ce yanzu, yau Talata, ke fitowa. Injin ɗaga kaya ya leƙo daga ƙofar baya a hankali, uwar maƙera a kan haƙoransa, jan ƙyallen nan kwance a kanta an zagaye su da igiya. Aka sauke su cikin wani akwatin katako. Jama'ar da ke ta hayaniya suka yi tsit, sai ƙarar ƙanƙara a kan kwanon tirela.

"Haskins, kawo ƙusa ka rufe akwatin nan," in ji Gus.

Lamont ya matso kusa da shi ya rage murya, ya ce gudumar ba ta ƙungiya ba ce, ta wani dattijo ce. Gus ya kare takardarsa daga ruwa, ya nuna masa layin da yatsa: lamba ɗari biyu da sha biyu, uwar maƙera da guduma. Ya ce shi abin da ke takarda shi ke shiga mota, mai ƙorafi kuma ga ƙofa can a buɗe.

Daga inda yake zuwa shingen bai fi taku ashirin ba. Igiya ɗaya zai yanke, ya ɗauka, ya je ya miƙa ta sama. Gus zai yi faɗa ne kawai, Lamont ya san halinsa. Amma yin hakan na nufin dole sai ya tako taku ashirin ɗin nan da fuskarsa a buɗe, ya tsaya gaban tsohon, da rigar kamfanin dako a jikinsa. Ya ɗauki murfin katako ya ɗora, ya fara buga ƙusa.

"Lamont."

Ba Farfesa ya ce ba. Kuma ba da ƙarfi ba ne, amma wurin ya yi shirun da kowa ya ji.

"Lamont, ɗan Vernell. Kai ne?"

Ya ci gaba da buga ƙusa. Ya buga takwas a inda huɗu za su isa. Da ya gama ya zagaya ta ɗaya gefen tirelar ya tsaya a can har aka ja ƙofa aka rufe. Da tsakar rana motocin suka fito a jere, 'yan sanda na gaba, ƙwai da duwatsu na sauka a kan gilas. Ya sunkuya a kujerarsa kamar mai ɗaure takalmi. Bai ga ko tsohon na nan ba.

Abin da ya fi ci masa rai daga baya shi ne, ya ji daɗin tafiyar. Ba zai iya musu ba. Suna fita daga Ohio rana ta fito. Ya ga babban kogi mai faɗi kamar tafkinsu, ya ga gonakin da ido ba ya ganin ƙarshensu, ya ga jajayen duwatsu a tsaye kamar gidajen sama. Ya fitar da hannu ta taga iska mai ɗumi na dukansa, har waƙa ya kama kansa yana yi. Sai in an taka birki, akwati mai lamba ɗari biyu da sha biyu ya yi ɗan gunji a bayansu, sannan waƙar ta tsaya.

A rana ta biyu ya kira gida daga wayar wani gidan mai. Uwarsa, Vernell, ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi faɗa ciwo. Ta ce ta gan shi a talabijin, ita da duk layin, hula ba ta ɓoye tafiyar mutum. Ta ce mai aski ne ya tsinci Baba Kaz a zaune kan matakalar coci wajen ƙarfe biyu, jikinsa na karkarwa, ya kasa faɗin inda za shi. Likita ya zo ya ce sanyi ya kama masa huhu duka biyu. Ya ƙi asibiti. An kira 'yarsa Halina daga Toledo. Sannan uwar ta tambaye shi ko yana cin abinci, ya ce e, ta ajiye wayar.

Dorado ta tarbe su da ganguna da ƙahonni. Zauren sabo ne fil, gilas ko'ina, yara sun yi layi da tutoci. An riga an sake wa ƙungiyar suna, 'Yan Guguwa, an sake launin riga. Lamont ya sauko da niyyar ya tsani mutanen nan, sai wata mata mai goyo a gaba ta miƙo masa lemo mai sanyi da sabuwar hula, idonta da ƙwalla. Ta ce shekara goma suna jiran a kawo musu ƙungiya, mijinta tun jiya bai runtsa ba don murna. Ta yi masa godiya, ta ce Allah ya mai da su gida lafiya. Ya karɓi lemon ya sha, don ƙishi yake ji.

Da aka zo kan akwatin, wani mai farar riga da ke duba kaya ya tambayi mene ne wannan mai nauyi haka. Aka gaya masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce su nan ba su da kamfanin ƙarfe, a tura shi sito tukuna. Aka tura shi wani ɗaki a baya, tsakanin bokitan goge ƙasa da kujerun ninki.

Ranar Asabar da hantsi, kowa na cin abinci, Lamont ya shiga ɗakin da ƙarfen ɓalle ƙusa. Ƙusoshin nan takwas da ya buga sai da suka sa shi gumi. Ya yanke igiyar, ya ɗauki gudumar da ƙyallenta. Yana juyowa ya ga Gus a bakin ƙofa yana tauna burodi. Gus ya dube shi, ya dubi akwatin, ya haɗiye. Ya ce shi bai ga komai ba, amma in sun koma kada Haskins ya wahalar da kansa zuwa gareji. Lamont ya ce ya ji.

Duk hanyar dawowa tana kan cinyarsa. Ya ji ransa ya ɗan yi sauƙi. Ya ɓata, ga shi zai gyara. Har ya tsara abin da zai faɗa da irin zagin da tsohon zai yi masa, da dariyar da za ta biyo baya.

Ranar Talata da la'asar aka sauke shi a bakin babbar hanya. Hannun jakarsa ya tsinke saboda nauyi, sai ya rataya jakar a kafaɗa ya riƙe gudumar a hannu. Gari ya yi sanyi, ba na iska kaɗai ba. Mai aski ya cire hoton ƙungiya daga tagarsa, sai tabon inda ya zauna. A jikin zauren wani ya rubuta ƁARAYI da jan fenti, harafin ƙarshe ya zubo har ƙasa. Da ya shiga layin Alder, wasu tsofaffin mata biyu da mazajensu suka yi aiki a kamfani suna zaune a baranda. Suka dubi hannunsa. Ɗaya ta yi alamar gicciye a ƙirjinta, ta tashi ta shige ciki. Ya ɗauka tsanarsa ce, ya ce a ransa suna da gaskiya.

A kicin ɗin Baba Kaz ya sami uwarsa tana juya miyar kabeji, Halina na wanke kofuna, idonta ya faɗa don rashin barci. Halina ta ce minti biyar kawai, kuma kada ya ɗaga wa babanta hankali. Uwarsa ba ta juyo ba. Ta ce wa tukunyar, kada a sake yi wa bawan Allahn nan ƙarya a gidansa.

An sauko da gadon falo, kusa da taga. Tsohon ya koma ɗan mitsitsi cikin barguna, hannayen nan da suka shekara arba'in suna dukan ƙarfe suna kwance kamar ba nasa ba. Rediyo na gefensa a kashe. Kowane numfashi sai ya yi ƙara kamar ana yaga takarda.

"A'a, Farfesa ya dawo daga ƙaro ilmi," in ji shi. "Matso in gan ka. Kai, rana ta gasa ka."

Lamont ya durƙusa a gefen gadon. Duk maganar da ya tsara ta gudu. Ya ce, "Baba Kaz, na sani tun ran Juma'a. Lokacin da ka tambaye ni, na sani."

"Ai na gane. Da na gan ka da rigar nan na ce, lallai yaron nan ya iya wani abu a duniya, ya iya ƙarya." Ya tsaya ya huta. "Kiran da na yi maka ka ji?"

"Na ji."

"To. Gara haka. Da na ɗauka muryata ce ta mutu."

Sai ya shiga tambayarsa labarin can. Da zafi? Zauren ya fi nasu? Lamont ya amsa ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tambayi abin da Lamont ke tsoro: wa za su ba ya riƙa doka musu ukun, kuma a ina suka ajiye ta, tsakiyar fili ko gefe? Lamont ya ji cokalin uwarsa ya daina motsi a kicin. Ya ga Halina a bakin ƙofa tana girgiza masa kai a hankali. Ƙarya ɗaya ce, 'yar ƙarama, kuma ga ta a kan harshe.

"Ba za su doka ba, Baba. Sun sake suna. Tana sito, tare da bokitai."

Tsohon ya rufe ido. Lamont ya yi sauri ya jawo jan ƙyallen daga bayansa, ya warware, ya ɗora gudumar a kan bargo kusa da hannunsa.

"Amma ga taka. Na ɓalle akwatin na ɗauko maka. Ba su isa su riƙe ta ba."

Baba Kaz ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallonta bai taɓa ba. Fuskarsa ba ta nuna fushi ba, ba ta kuma nuna murnar da Lamont ya yi kwana uku yana jira ba.

"Daga kanta ka ɗauke?"

"E."

"Da hannunka?"

"Da hannuna."

"Ni kuwa ina nan kwance ina cewa, ai ba komai, gudumata na kai. Duk inda suka kai ta, wurina na nan." Ya ja numfashi, ya yi ƙara. "Sau nawa na ba ka labarin nan, Farfesa? Maƙeri ne ke ɗauke tasa. In ka ga wani ya ɗauko wa mutum gudumarsa ya biyo layi da ita har gida, to mai ita ba zai koma aiki ba. Haka aka kawo wa uwata wannan. Tana shanya ta hango abokin babana daga nesa, ba ta jira ya yi magana ba."

Lamont ya tuna tsohuwar da ta yi gicciye. Ya ji kamar an zuba masa ruwan tafki a baya. Ya ce zai mayar, ko a ƙafa ne zai koma ya mayar da ita inda ya ɗauko.

"Kai dai a ba ka dalilin tafiya," in ji tsohon, har da ɗan murmushi. Ya lallaɓo da yatsunsa ya kama ƙotar, ya gwada ɗagawa, ba ta motsa ba. Ya bar hannun a kai. "Bar ta. An tashi ke nan. Je ka ci miya, uwarka tun safe take kuka a cikinta, gishiri ya ji."

Lamont ya koma washegari, ya sake komawa da yamma. Tsohon na barci duka biyun, ko kuma ya rufe ido ne kawai. Ranar Alhamis da safe Vernell ta shiga da kofi ta buɗe labule, ta ce wa tsohon yau an ga rana. Bai amsa ba. Hannunsa na kan ƙotar, ya riga ya yi sanyi.

Ranar Litinin aka binne shi kusa da matarsa. Cocin ya cika da tsofaffin ma'aikatan kamfani, da yawansu sun sa rigar 'Yan Ƙarfe a ƙarƙashin kwat, wata ma da tabon ƙuna a wuya inda ashana ta ɗan kama. Fada ya yi magana kan haƙuri. A bakin kabari wani tsoho ya ce ya kamata a doka masa uku, kowa ya ce haka ne, aka duba babu abin da za a doka a kai. Aka tsaya jim, sannan aka fara zuba ƙasa. Babu wanda ya ce wa Lamont uffan, mai daɗi ko marar daɗi. Likita ya ce huhu ne, mutanen gari suka ce mai ƙungiya ne ya kashe shi, kuma a nan aka bar maganar.

Halina ta kwashe kayan gidan cikin kwana biyu. Da za ta tafi ta ƙwanƙwasa musu ƙofa da jan ƙyallen a hannu biyu. Ta ce ita ɗakinta a hawa na uku yake, ba ta da ɗa namiji, kuma ba ta son ganinta. Ta ce shi ya ɗauko, shi zai riƙe. Ba ta jira amsa ba ta shiga mota.

Ya tsaya a baranda da gudumar a hannu. Ya duba teburin uwarsa, ya duba matakala, ya duba katangar da ta raba gidajen biyu, inda tsohon kan jingina da safe ya tambaye shi yau kuma wace jami'a za a. Babbar hanyar yamma na can tana gurnani, ana jin ta daga nan, ya saurara bai ji tana kiransa ba.

A watan Afrilun nan Carrow ta rasa kaya tirela shida, 'yan wasa goma sha biyu, uwar maƙera ɗaya, da tsoho ɗaya mai shekara saba'in da huɗu. Lamont ya rasa aikinsa na huɗu, da mutum ɗaya tak da ke kiransa Farfesa. Abin da ya dawo guduma ce. Hannunsa ya gaji, ya mai da ita ɗaya hannun, yana tsaye har uwarsa ta kunna fitilar kicin, bai sami inda zai kwantar da ita ba.